Kwana 14 Ne Kacal, Kada A Ce Mana Mu Jira

'Yan uwa mazauna Sabo da sauran zangunanmu na Kudu, akwai wata gurguwar shawara da ta daɗe tana cutar da mu. Da zarar alƙali ya ba da odar rufe rumfa ko hana taɓa fili alhali shari'a ba ta ƙare ba, sai masu da'awar sanin kotu su ce baƙo ba ya ja da alƙali, a bari sai ranar yanke hukunci. Mu dai mun ƙi wannan magana, domin irin wannan haƙuri shi ke cinye jarin bayin Allah.

Doka ta fayyace hanya. In kotun majistare ce ta ba da odar, Babbar Kotun Jiha ake zuwa. In kuwa Babbar Kotun Jiha ce ko ta Tarayya, sashe na 240 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ce kaɗai ke da hurumi. Ba sai an je Abuja ba, tana zama a Legas, Ibadan, Benin, Inugu da Fatakwal.

Sashe na 241 ya ce in odar ta hani ce, an bayar ko an ƙi bayarwa, ko kuwa ƙorafin kan fassarar doka ne zalla, ba a buƙatar iznin kowa. In ba haka ba, sashe na 242 ya wajabta neman izni daga Babbar Kotun ko Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Ga inda ake kayar da mu: sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata 3 ga hukuncin ƙarshe, amma kwana 14 kacal ga odar tsakiyar shari'a. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma ana iya hana shi. Sannan ɗaukaka ƙara kaɗai ba ya dakatar da odar, sai lauya ya nemi hakan daban.

Muna girmama sulhun Sarkin Hausawa da dattawa, amma kwanakin kotu ba sa tsayawa don ana sulhu. Sashe na 43 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin mallakar fili ko gida ko'ina a ƙasar nan. Saboda haka ranar da aka ba da oda, a nemi kwafinta mai hatimin kotu, a kai wa lauya tun kafin a kwana. Allah Ya kare mana haƙƙinmu, amin.