Kun je Dubai, Ƙonni fa?

Abin takaici ne ma'aikaci ya ƙarar da albashin watanni kan hotunan Dubai, alhali bai taɓa takawa daga Illela zuwa Birnin Ƙonni ba. Ni wata safiya na bi sahun 'yan kasuwa a ƙasa, ba shiri, sai takardun shaida a aljihu. Jandarma ya yi mini tambayoyi da Hausa, mai shayi ya ba ni canji da sefa, wani dattijo kuma ya labarta mini yadda sojojin Faransa suka ƙone garin a 1899.

Za ku ce tsaro. Haka ne, a bincika kafin a tashi. Sai dai an garƙame iyakar nan a 2023, Nijar ta fice daga ECOWAS a 2025, kuma babu wanda ya yi mana alkawarin gobe za mu same ta a buɗe.