A Bar Uwar Yaro Ta Ja Ƙyaurenta

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take, kuma a ƙasar Kurfai, daga Filinge har Sanam, ba wanda zai koya wa wani wannan karatu. Mutum ya kwanta ciwo, kafin rana ta faɗi gida ya cika: wannan ta zo da fura, waccan da jiƙo, wancan da tofi. Al'ada ce mai kyau, cikinta muka tashi. Amma akwai majinyacin da cikar gida take iya kashewa, shi ne yaron da aka yi wa dashen ƙoda. Uwar da ta gane haka ta ja ƙyaurenta, ita ce yau ake yi da ita a bakin rijiya. Ga masu wannan gulma nake magana, kuma ba zan ɓoye ba: ita ke da gaskiya, ku ke da laifi.

Irin wannan gida bai da yawa a wajenmu, amma na san ɗaya. Uba ya sayar da shanu, dangi ƴan ci-rani sun aiko daga Abijan da Kwatano, aka fita da yaro ƙasar waje, uwa ta ba da ƙodarta guda. Ranar dawowa an yanka rago, an yi barka. Ba a yi mako biyu ba magana ta juya. Wai ta je ta koyo girman kai. Wai ta mai da mutane masu ƙazanta, tun da sai an wanke hannu da sabulu ake taɓa ɗanta. Wai ta mayar wa uwar mijinta da ƙwaryar fura.

Da masu faɗin haka sun tambaya, da sun ji dalili. Jikin ɗan Adam yana da garkuwa mai yaƙar duk baƙon da ya shigo, kuma ƙodar da aka dasa baƙuwa ce, ko da ta uwa ce. Dashen farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, shi ya sa jiki bai ƙi ba. Sauran jama'a kuwa sai da magani mai kwantar da garkuwar, irin su takrolimus, safe da dare a kan sa'a, muddin ƙodar na aiki. A tsallake kwanaki kaɗan, jiki ya tashi ya far mata. To, garkuwar da aka kwantar don ta bar ƙoda, ita ce dai wadda za ta tare ƙyanda da ƙarambau da tarin fuka. Murar da ɗanki zai yi kwana uku ya miƙe, shi tana iya kai shi gadon asibiti. Ruwan randa da kowa ke tsoma moɗa, da nonon da ba a dafa ba, zawo ne gare shi, zawo kuma na birkita ma'aunin magani a jini. Ƙwayoyin kashe ciwo da ake talla a faranti ran kasuwa, da yawansu masu cutar ƙoda ne. Jiƙon da kaka ta kawo da zuciya ɗaya, ba wanda ya auna abin da zai yi in ya gamu da maganin likita. Har allurar ƙyanda da ta shawara ba a yi masa sai da izinin likitansa, don haka allurar ƴaƴan maƙwabta ita ce katangarsa.

Wasu za su ce wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne. Amma Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta sauka a Sham, ya juya da tawagarsa daga hanya, kuma ba wanda ya isa ya ce ya fi shi tawakkali. Addu'a ba ta bukatar a tofa wa yaro a fuska. Malam ya yi ta daga zaure, Allah na ji.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu ƙorafin an hana su shiga ɗaki ba sa tambayar abin da ake sha a cikinsa. Matar nan ƙoda guda ta rage mata, amma ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke neman itacen tafasa shi. Ita ke farkawa tsakar dare ta taɓa goshi, don zazzaɓi kaɗan gare su tafiya ce. Tafiyar kuma ba ta nan kusa ba: awon jinin da ake bukata sai Yamai, alhali Filinge kanta ta kai kusan kilomita 180 daga can, balle Sanam. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Abala, a 2020 aka hana yawo da babur, hanya ta zama sai da addu'a. Yayyen yaron sun koyi yin wasa a waje, sun koyi haƙuri da uwar da hankalinta ke wuri guda. Miji ya koma ci-rani biyan bashi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukuma ma tana da nata kason. A 2006 aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, a 2024 aka rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Madalla. Amma maganin dashe ba a samunsa a ɗakin shan magani na ƙauye, kuma ba ya ƙarewa ranar da yaro ya cika shekara 5. Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, Dakar ta yi nata na farko a 2023. Aikin yana matsowa kusa da mu, gidaje irin wannan za su ƙaru. Duk wanda ya taimaka aka yi aiki sannan ya bar iyali da sayen magani, ya haƙa rijiya ne ya hana guga.

Ba na cewa a yanke zumunta, ina cewa a sake mata hanya. Mai son ziyara ya zo da damin itace ya ajiye a ƙofa. Matasa su yi wa gonar gidan gayya da damina. Mata su sa uwar cikin adashinsu, su ba ta kwasar farko don kuɗin mota da na magani. Gwaggo ta ɗauki yayyen su kwana biyu wajenta, uwa ta samu barci. Kawu ya raka su Yamai. Kowa ya kai ƴaƴansa allura, mai tari kuma ya aiko da gaisuwa daga nesa. Uwar miji, ke da maganarki ke da nauyi a gidan, ki zama ta farko da za ta wanke hannu a gaban jama'a. In kin yi, ba wadda za ta ƙara buɗe baki.