Caca bisa teku: wa ke ci?

Masu tallar jiragen ruwa na shaƙatawa sun iya baki. Shawararsu ga matafiyi ita ce ya keɓe kuɗin caca tun daga gida, kada ya zarce su. Wa ake yaudara? Ai gidan cacar da ke cikin jirgin don a zarce su aka gina shi! Katin buɗe ɗaki shi ne aljihu: bashi na taruwa shiru, sai ranar sauka a miƙo maka takarda. Kowane ɗan kasuwa ya san mai cin bashi ba ya jin zafin kuɗi kamar mai ƙirgawa da hannunsa. Faifan rulet irin na Amurka gurbi 38 gare shi, amma wanda ya dace ninki 35 ake biyansa. A jimlace, cikin kowane 100 da aka zuba, fiye da 5 na kamfani ne.

Babbar cacar kuwa da rayuka aka buga ta. A watan Fabrairu 2020 an tsare jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan da mutum 3,711, fiye da 700 suka kamu da korona. Duk da haka ranar 8 ga Maris Ruby Princess, na kamfani guda, ya sake kwasar fasinjoji daga Sidni. Sai ranar 14 hukumar lafiya ta Amurka ta hana tashi daga gaɓarta. Dubban ma'aikatan jirage, da yawansu ƴan Filifin da Indonesiya, suka share watanni bisa ruwa babu hanyar gida, alhali ko tamma ba su zuba a teburi ba.