Doka A Takarda Ba Ta Nome Kacala

Duk wanda ya bi ta Haɗeja zuwa Nguru ya ga irin ɓarnar da ciyawar kacala ta yi wa fadamun da suka daɗe suna ciyar da jama'a da shinkafa da kifi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta kuma zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Watakila manomin Madadi, can wajen Gwarzo da Kabo, ya ce ina ruwansa. To, ruwansa ne kuwa, domin tushen abin yana Jihar Kano. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, kogunan da a da sukan ƙafe da rani suka koma gudu shekara zagaye. Kacala kuwa ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Irin wannan ruwa yana nan a ƙananan madatsunmu da magudanan noman rani.

Mutanen tsibirai sun riga mu shan wannan wuya. Wani maciji da ya shiga tsibirin Guwam cikin kayan jiragen ruwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa ƙarar da tsuntsayen dajin wurin. Sai a 2004 Majalisar Amurka ta yi masa doka ta musamman, bayan aikin gama ya gama. Ita kuwa Niyu Zilan, dokarta ta 1993 ta ɗora wa hukumomin yankuna alhakin tsara yaƙi da irin waɗannan miyagun baƙi, ta kuma ba su ikon tilasta wa mai gona ya kawar da su.

Mu ma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin hana yaɗuwar baƙin tsirrai da dabbobi masu mamaya a 2013, ƙarƙashin hukumar NESREA. Amma dagatai nawa ne suka taɓa jin labarinsu?

Saboda haka muna roƙon Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi doka wadda za ta wajabta yashe magudanai kowace shekara, ta faɗi wanda aikin yake wuyansa, ta ware masa kuɗi, a kuma fassara ta da Hausa. Haka nan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa shawara da manoma da masunta wajen tsara sakin ruwa, don a bar wasu magudanan su sha rana.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa masu iko su ji.