Ɗan biɗa, in ka tarar an ɗaura mata aure, ka sake ta



Kowace shekara da an gama kaka an zuba hatsi a rumbu, sai motoci su fara kwasar samarinmu. Wasu su bi ta Tawa zuwa Abijan, wasu su haura Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. Da yawansu sun bar wata a gida da alkawari: "Ki jira ni, in na samo kuɗin aure zan dawo."

Haka wani ƙanena ya yi. Damana uku bai zo ba. Shekarar farko kullum da dare suna aika wa juna murya a WhatsApp, yana turo mata 'yan jikkuna ta Nita. Daga baya aiki ya tsaya, waya ta yi shiru wata da watanni. Da ya sauka bana, ya tarar tana ɗakin wani. Kwana bakwai bai fito fada ba. Wallahi na ga namiji yana kuka.

Ban ce masa abin ba zafi ba. Mutumin da ya ɗauki siminti a ƙasar wasu yana tuna fuska ɗaya, dole ya ji ciwo. Amma jama'a, mu faɗi gaskiya. Sa'o'in yarinyar duk sun yi aure, uwarta na shan gori a bakin rijiya, ga wani ya turo manyansa da goro, kai kuma ko labarinka babu. Sau nawa za ta ce wa ubanta a'a?

Abin da ya fi damuna shi ne abin da wasu ke yi bayan haka. Wani ya watsa hotunanta da muryoyinta a wayoyin abokai. Wani ya riƙa kiranta da tsakar dare a gidan miji har a sake ta. Wani ya kwashe guminsa na shekaru ya kai wa boka. Wannan ramuwa ce, kuma wadda ka ce kana so ita ke kwana a ciki.

Ka goge lambar. In akwai kayan da suka shiga hannun iyayenta, manya su zauna su daidaita, kyautar zance kuwa ka yafe. Matar mutum kabarinsa.

Ku kuma masu shirin tafiya, kafin ku hau mota ku tura manya a tsaida wa'adi, damana ɗaya ko biyu. In ya cika ba ka zo ba, kowa ya yafe wa kowa, ba mai kiran wani maci amana.

Ƙanen nawa ya koma gona. Ranar kasuwa na ga ya ba mijinta hannu, ko da yake bai iya kallon idonsa ba. Allah ya musanya masa da mafi alheri, ya dawo mana da 'yan biɗarmu lafiya.