Tramol a kan tire, taimako sai Yamai

Ku amsa mini wannan, ku da kuke da ɗa ko ƙane a lakol. Yaro ne a Gidan Rumji, saura wata guda ya zauna jarrabawar BEPC, ya wayi gari ya ce ya gaji da tramol, so yake ya daina. Ina zai nufa? Inda ake sayarwa kam ko ɗan shekara goma ya sani: tasha, bakin kasuwa, tiren mai tallar magani da ke gasuwa a rana tun hantsi. Ina zai je ya buɗe baki ya ce na kamu, ba tare da an kwaɗa masa mari ba, ba tare da an kai sunansa wurin jandarma ba, ba tare da labarin ya riga shi isa gida ba?

Shiru ko? Abin da ke ƙona mini rai ke nan.

Mu daina yaudarar kanmu cewa 'yan ƙwaya duk 'yan iskan gari ne. Da yawansu da littafi a hannu suka fara. Yaro ya baro ƙauye daga wajen Cadakori ko Gidan Sori, yana zaune gidan wani mai masauki da shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa, uba ya sayar da akuya ya biya kuɗin takardu, uwa kullum addu'arta ke nan, ga kuma jarrabawar da a 2021 cikin ɗalibai biyar kusan ɗaya ne kacal ya tsallake ta a faɗin Nijar. Dare ya yi, shayi ya kasa, ido na rufewa. Aboki ya miƙo rabin ƙwaya ya ce sha, za ka kai asuba. Ya kai asuba ɗin kuwa. Gobe ya sha guda. Jibi guda ba ta isa ba.

Wadda asibiti ke bayarwa don ciwo mai tsanani miligiram 50 ce, ko 100. Ta kan tire takan kai 200, 225, har 250, an ƙero ta a Indiya, ta sauka a tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, ta haura arewa har ta iso hannun ɗan shekara goma sha shida. Ba ta ƙara wa kowa basira. Tana hana barci ne, ta ɓoye gajiya, kuma idan ta yi yawa takan kayar da mutum yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Yaro ya faɗi a aji, sai a ce aljanu. A kawo hayaƙi, a kawo tofi, kowa ya san abin da ke aljihunsa amma ba mai son ya laluba. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya bari lokaci guda kuma, jiki ya ɗauki ciwo, gumi, zawo, rashin barci, ƙunci, ga takarda gobe da ƙarfe takwas. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan azabar ta kwanaki ce, tana wucewa, kuma malamin asibiti na iya rage masa ita a hankali. Sai ya koma.

An gama jarrabawa, an tashi babban hutu. Daga Yuli har Oktoba a garƙame aji, mushe ya tafi garinsu, wanda ya ci a yi masa guɗa, wanda ya faɗi, su ne masu rinjaye, a bar shi da baƙin cikinsa da gorin gida. Damina ce. Ga noma, ga ƙwadago a gonar wani, ga kabu-kabu daga safe har dare, kuma a duk waɗannan wuraren tramol ce ake kira maganin ƙarfi. Wanda ya fara ta don karatu a Mayu, a Agusta don hauya yake shan ta. Kafin a koma lakol ba ya shan ta don komai, sha yake don ya iya tashi daga tabarma. Wata uku cur yaro ba malami, ba mai tambayarsa lafiya, sai mai tire da bai taɓa zuwa hutu ba.

Gab da wannan hutun ne ranar 26 ga Yuni ke faɗowa, ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya. Kun san yadda ake yi. A kafa rumfa, a jera kujeru, a raba riguna masu rubutu, manya su karanta jawabi da Faransanci a gaban yaran da rana ta gama dafawa, a cinna wa abin da aka kama wuta, a ɗauki hoto, a watse. Kamu dai ana yi, ba na musu. A watan Maris na 2021 an kama tan 17 na wiwi a Yamai. A Janairun 2022 aka tare motar magajin garin Fachi da kilo 214 na hodar iblis a ciki. Magajin gari fa! Amma yaron da aka samu da ƙwaya biyu a aljihun wando shi ne lalatacce, shi ne abin kwatance a huɗubar Juma'a. Laifi tudu ne.

To in iyaye suka gane, me muke da shi? Duka. In duka ya kasa, gidan mari. Mun ji abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300 aka fito da su, wasu da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura, kuma har yau akwai uban da in ka taɓa shi zai ce ai can ne ake gyara yaro. In da hali kuma, a ɗauke shi zuwa Maraɗi, ko a ci kusan kilomita 600 zuwa Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, ya dawo da sunan da ba ya wankuwa, wanda ya taɓa hauka. Wace yarinya ce za ta yarda ta faɗi gaskiya in wannan ne sakamakon? Ai akwai su, 'yan matan, sun fi iya ɓoyewa ne kawai, kuma nasu maganin a wurinmu guda ne, a yi maza a aurar.

Hani kuwa shi kaɗai bai taɓa warkar da kowa ba. Nijeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, mashaya ba su ƙare ba. Aka matsa wa tramol, sai ga wata mai suna Tafrodol ta cika kasuwannin yankin, har sai da binciken BBC ya tona asirin kamfanin da ke yin ta a Indiya a 2025. An kashe maciji ba a sare kansa ba, don mai nema yana nan, ba wanda ya zauna da shi.

Abin haushin, abin da ake bukata ba asibiti mai hawa uku ba ne. Ƙungiyar masu barin giya da ta game duniya, a 1935 ta fara a garin Akron na Amurka da mutum biyu, ɗan kasuwa da likita, kowanne giya ta gama da shi, suka zauna suna faɗa wa juna gaskiya. Ta masu barin ƙwaya ta biyo baya a 1953. Kada wani ya ce mini wannan al'adar Turawa ce. Mu da muke da fada a kowace unguwa daga Tibiri har Agye da Gazawa, samari na kwana a kan butar shayi suna musun ƙwallo, mu za a koya wa zama a yi magana? Tabarma ce, da shayi, da mutum ɗaya da ya sha ya bari, da ma'aikacin lafiya da zai riƙa leƙowa. Sai abu na ƙarshe, wanda shi ne ya gagare mu, riƙe sirri. Garin da yaro zai shiga ɗaki da la'asar, kafin magariba a ce ɗan gidan wane ma ashe yana sha, wa zai shiga?

Tun 2019 da 'yan'uwanmu suka gudo daga Zamfara da Sakkwato, muna ganin fararen motocin ƙungiyoyin agaji na bin hanyar Garin Kaka da Cadakori, an san yadda ake tara mutanen da ke cikin damuwa a saurare su. Madalla. Amma namu 'ya'yan sai mun jira farar mota? Kwamitin iyayen yara ya zauna kan kuɗin alli da zana, ƙungiyar ɗalibai ta fito kan alawus, liman ya tsine wa mashaya a lasifika bai ce wanda ke son taimako ya same ni bayan salla ba, uba kuma ya rantse ɗansa ba ya sha, abokai ne. Kowa ɗansa na kirki ne, abokai ne miyagu. To abokan 'ya'yan wa ne?

Ajujuwa na nan a rufe duk tsawon damina, awaki na fakewa a inuwarsu. Aji guda ake nema, yini guda a mako, kafin jarrabawa da lokacin hutu. Ba a bukatar izini daga Yamai, ba a bukatar taron bita a otel da kuɗin zama. Darakta na da makulli, hukumar gari na da hatimi, asibitin gunduma na da ma'aikata, kuma dukkansu sun bi ta gaban tiren nan yau da safe.