Daga Bakin Dogo: Gasar 'Yan Ƙananan Jiragen Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni. Zancena na yau a kan jirgin ƙasa zai tashi, amma a fadama zai sauka, saboda haka a yi haƙuri a biyo ni.

Ni haifaffen Yako ne, cikin ƙasar Kiru. Hanyar dogo da ta taso daga Baro ta iso Kano cikin 1911 ta gabanmu ta ratsa, daga Dangora ta zo Yako, ta wuce Madobi da Calawa. Muna yara, kafin kan jirgi mai shan dizal ya kore mai cin kwal, da mun ji kukan jirgi sai mu sheƙa tasha. Hukuncinmu a lokacin guda ne: kan jirgin da ya fi ƙara, ya fi turnuƙe sama da baƙin hayaƙi, shi ne namiji. Ashe hukuncin yara ne, ni kuwa ban rabu da shi ba sai da furfura ta cika mini gemu.

Da damanar bara wani tsohon ɗalibina da ya yi karatun injiniya a Ingila ya zo gaishe ni. Ya buɗe wayarsa ya ce, "Malam, ga jirgin nan naka da kake ba mu labari a aji." Na duba, sai ga kan jirgi sak irin wanda na sani, da tukunyarsa da hayaƙinsa, amma tsayinsa bai kai gwiwar mutum ba. Ga wani dattijon Bature zaune a kan ɗan tarago a bayansa, yana zuba masa kwal da shebur kamar cokali, ga kuma manyan mutane sun jeru a baya ana jansu. Na ce, "Wannan ai wasan yara ne." Ya ce, "A'a Malam, jarrabawa ce, mai tsanani kuwa."

Ga yadda abin yake. A Ingila akwai ƙungiyoyin masu sha'awar ƙira, waɗanda mutum kan shekara da shekaru a ɗan shagonsa na bayan gida yana ƙera kan jirgi guda. Faɗin hanyarmu ta dogo ƙafa 3 da inci 6 ne. Tasu kuwa inci 5 ce, ko inci 3 da rabi, ko taƙi ɗaya ba ta kai ba. Amma aikin cikinsu ɗaya ne da na babba. Wuta tana cin kwal a murhu, zafinta ya bi ta cikin bututai da suka ratsa tukunyar ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururi ya tura fistin gaba da baya, sandar fistin ta juya ƙafafu.

Gardama a kan waɗannan 'yan jirage tsohuwa ce. Cikin 1924 an yi wani karo a Landan tsakanin jirage biyu masu hanya inci 2 da rabi. Ɗaya na kamfanin Bassett-Lowke ne, wanda Henry Greenly ya zana, yana ƙona sifirit. Ɗayan kuwa wani maƙeri ne, Lawrence, mai rubutu da sunan LBSC, ya ƙera shi, ya sa masa suna Ayesha, yana cin kwal kamar babban jirgi. Lawrence ya nuna wa jama'a cewa ɗan jirgi mai cin kwal yana iya jan babban mutum. Daga baya, cikin 1969, Martin Evans, editan mujallar Model Engineer, ya kafa gasar da ake kira IMLEC, aka fara ta a filin ƙungiyar Birmingham, ta riƙa zagaya ƙungiyoyi shekara bayan shekara.

To, jama'a, ku saurari dokar gasar, don ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba tsere ake yi ba, ba a kuma duban kyan fenti. Kafin direba ya tashi, sai a auna masa kwal a sikeli. Shi zai zaɓi yawan mutanen da zai ja. Tsakanin kan jirgi da taragun mutane akan ɗaura wani tarago mai ma'auni, wanda ke rubuta ƙarfin jan da jirgi ke yi da nisan da ya tafi. Sai ya yi ta zagaya fili har rabin sa'a. In ya tsaya, a auna kwal ɗin da ya rage, a san abin da ya ƙone. Alƙalai su haɗa ƙarfin ja da nisan tafiya su fitar da yawan aiki, sa'an nan su gwada shi da zafin da ke cikin kwal ɗin da aka ƙona. Wanda ya fi fitar da aiki daga abin da ya ci, shi ya yi nasara.

Nan gwanintar direba ke bayyana. In ya kwashi mutane fiye da kima, ƙafafu su yi ta sulɓi a kan dogo, tururi ya tafi a banza. In ya ɗauki kaɗan, aikinsa ya zama kaɗan. In ya cika wuta, tururi ya yi yawa ya fashe ta mafitar da aka yi don kada tukunya ta tarwatse. In ya yi rowar kwal, wuta ta mutu a tsakiyar hanya. Baƙin hayaƙin nan da muke yi wa kirari muna yara kuwa, ashe kwal ne da bai ƙone ba yake tserewa sama.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sakamakon. Babban kan jirgi mai tururi ma, cikin kashi 100 na zafin kwal, abin da yake mayarwa aikin ja bai cika kai kashi 10 ba. 'Yan ƙananan nan kuwa yawancinsu ba sa wuce kashi 3. Dalili a fili yake ga duk wadda ta taɓa girki: ƙaramar tukunya ta fi babba saurin hucewa. Amma duk da haka, dattawan nan ba su ce abin ya yi ƙanƙanta a auna ba.

Yanzu ga fadamar da na yi alkawari. Ina da 'yar gonar rani a ƙasar Bebeji, ƙasa da madatsar Tiga. Shekaru uku da suka wuce na sayi injin ban ruwa. Mai sayarwa ya tayar da shi, ya cika kasuwa da ƙara, ya ce, "Malam, ka ji ƙarfi!" Yaron tashar Yako da ke cikina ya yarda, na biya. Tun daga nan kowace shekara in na sayar da tumatir da albasa, sai in ga kuɗin mai ya cinye ribar, in yi ta zargin tsadar fetur, wanda lalle ya yi tsada tun 2023.

Da na ji labarin gasar nan, sai na je wurin maƙwabcina na gona, wanda injinsa ƙarami ne mai sanyin murya. Na ce, "Alhaji, zo mu yi irin ta Turawa." Muka ajiye injunan a bakin ruwa ɗaya, da mesa mai tsawo ɗaya, muka tsiyaye tankunansu, muka zuba wa kowane lita guda, muka sa yara ƙidayar fangalin da kowane zai shayar kafin ya mutu. Nawa ya shayar da 29, nasa 41. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam, ƙaramin goro ya fi babban dutse." Ban ce uffan ba, gama gani ya kori ji. Shekara uku ina ciyar da ƙato mai ci ba aiki, alhali awon da zai tona asirinsa bai ci mana yini guda ba.

Saboda haka ina kira ga malaman gona, da shugabannin makarantun koyon sana'a, da iyayenmu hakimai. Ba na cewa mu ƙera 'yan jirage, ko da yake yaranmu masu ƙera motar gwangwani da ta kara ba za su kasa ba in sun sami mai koya musu. Dokar gasar nake so mu ɗauka. A ranar baje kolin amfanin gona, a jera injunan ban ruwa a Bebeji da Kiru, a ba kowane lita guda. A Tudun Wada a gwada injunan casar shinkafa, a ga buhu nawa kowane ke fitarwa da galan ɗaya. A Doguwa, inda kowa ke ganin yadda gatari ke cin gefen dajin Falgore, a auna wa mata itace daidai wa daida, a ga murhun da zai riga tafasa tukunya ya kuma bar saura. A kafa sakamakon a ƙofar hakimi kowa ya karanta. Ran da aka fara haka, mai sayarwa zai daina rantsuwa, maƙeri da bakanike kuma su sami abin da za su yi takara a kai.

Ku kuma malamai 'yan'uwana, wannan darasin lissafi ne da ba ya bukatar komai sai sikeli da kwalbar awo. Wanda ya gwada a garinsu, don Allah ya rubuto wa Edita abin da ya samu, mu ƙaru da juna.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malami, Yako.